Guru a Odorkor, Shehu a Nima

A unguwar Odorkor da ke Accra akwai gidan ibadar Hindu da Swami Ghanananda, ɗan Ghana, ya jagoranta daga 1975 har rasuwarsa a 2016, bayan malaminsa Swami Krishnananda ya naɗa shi. A wannan tafarki, almajiri ba ya gane haƙiƙanin kansa sai ya sauke girman kai a gaban guru, wato malaminsa.

Batijjane a unguwar Nima ko Maamobi a Accra ya san irin wannan. Tarbiyyar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha tana neman muridi ya karya son zuciya a hannun muƙaddami. Sai dai hanyoyin sun rabu: mabiyin tafarkin Hindu na Advaita burinsa ya gane shi da Brahman, wato haƙiƙa mafi girma a wurinsu, abu guda ne. Muridi kuwa, komai zurfin fana'insa, bawa yake dawowa, kuma shari'ar da ta hau kansa ta hau kan shehinsa.