A Mutu Ko A Yi Rai: To, Wa Zai Mutu?

Mai karatu, akwai wata 'yar maganar Turawa da ta kama bakin mutanenmu, har wanda bai taɓa zama a aji ba yana faɗinta, wato "do or die". Ɗan ƙwallo zai faɗe ta a kan wasan gobe, ɗalibi a kan jarrabawa, furodusa kuma a kan fim ɗin da ya sayar da filinsa ya zuba kuɗin a ciki. Ma'anarta ita ce abin da Bahaushe ke cewa a mutu ko a yi rai: ko dai buri ya cika, ko rai ya tafi wajen nemansa. To amma ka taɓa tambayar kanka, in an ce a mutu, wa ake nufi?

Maganar tsohuwa ce. Tana cikin wata waƙa da Robert Burns, mutumin Sikotilan, ya rubuta a 1793, inda ya sanya ta a bakin sarkinsu yana zaburar da mayaƙa kafin yaƙin Bannockburn na 1314. Ka ga a can ma a fagen fama aka faɗe ta, inda shi mai faɗin yana cikin sahu.

Masu kallon finafinan Indiya sun san Mahatma Gandhi. Ran 8 ga Agusta, 1942, a birnin Bombay, da wannan kalma ya kira mutanensa su matsa wa Turawan Ingila su bar ƙasar, amma ba tare da ɗaukar makami ba. Washegari aka kama shi. Yana tsare har 1944, kuma a wurin da aka tsare su matarsa Kasturba ta rasu. Shi ya fara biyan kuɗin maganarsa. Duk da haka, bayan kama shi sai da tarzoma ta ɓarke aka yi asarar rayuka. Ka ji fa, ko daga bakin mai son zaman lafiya ta fito, kalmar nan tana da kaifi.

Yanzu dawo gida. A Fabrairun 2007, Shugaba Obasanjo ya ce zaɓen shekarar a wajen jam'iyyarsa na a mutu ko a yi rai ne. Zaɓen ya zo da maguɗi da tashin hankali, har shi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya ci ya amince a jawabinsa na rantsuwa cewa akwai gyara. Su wa aka sara a rumfunan zaɓe? 'Ya'yan talakawa ne, waɗanda aka ba ɗari biyar da ƙwaya. 'Ya'yan masu takara suna makaranta.

A nan bambancin yake, ɗan'uwa. In ka ɗora wahalar a kanka, ka hana idonka barci, ka jure talauci da gori don abin da ka yi imani da shi, wannan shi ne tsayin daka. In kuwa ka tura wani ya sha wuyar, kai kana jiran riba, wannan son zuciya ne da aka naɗa wa rawani. Furodusan da ya sayar da filinsa ya yi jarumta. Wanda ya hana 'yan wasa da masu ɗaukar hoto haƙƙinsu don fim ya fito ko ta halin ƙaƙa, da gumin wasu ya yi caca.

Sannan ba kowane buri ne ya kai a ambaci mutuwa a kansa ba. Jarrabawa ana sakewa, kujera ana sake nema, yarinyar da ta ƙi ka akwai wata. In da rai, da rabo. Yaron da aka cusa wa cewa faɗuwa daidai take da mutuwa, shi ne zai shiga ɗakin jarrabawa da satar amsa a cikin safa.

Saboda haka, duk ranar da wani ya ɗaga murya ya ce maka lamarin nan na a mutu ko a yi rai ne, kada jininka ya yi saurin tafasa. Dube shi da kyau tukuna: yana gaban sahu, ko yana bayanka yana turo ka?