KEKEN DA KACARSA TA TSINKE

Ko da babura sun yi yawa a garuruwanmu, har yanzu keke bai rasa aiki ba. Manomi yana ɗaura masa buhun hatsi zuwa kasuwa, ɗan makaranta yana hawansa, mai talla yana zaga ƙauyuka da shi. Ba ya shan mai, ba ya cin harawa. Bari mu jingina shi a gindin itace, mu duba kayansa ɗaya ɗaya, gama akwai abin da za su koya mana a kan ranmu.

AKWAI WANDA YA ƘERA SHI

Keke bai faɗo daga sama ba. A shekara ta 1817 wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya yi wani keke na katako. Ba shi da feda, sai mutum ya zauna yana tura ƙasa da ƙafafunsa. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, maƙera a birnin Paris suka sa feda a ƙafar gaba. A 1885 wani mutumin Ingila, John Kemp Starley, ya fito da keke mai kaca wadda ke juya ƙafar baya, irin wanda muka sani. A 1888 kuma John Dunlop, likitan dabbobi, ya yi taya mai iska domin keken ɗansa.

To, da wani zai ce maka ƙarafa ne suka haɗu da kansu a juji suka zama keke, ai sai ka yi masa dariya. Ko yaro ya san akwai maƙeri, har sunan kamfanin ma yana manne a goshin keken, ko Raleigh ko Peugeot. Balle kai, mai ido da kunne da zuciya mai bugawa dare da rana? Sura ta fari ta Littafin Farawa ta shaida Allah ne ya halicci mutum, cikin kamanninsa kuwa ya yi shi. Ya yi ka domin ka san shi, ka yi tafiya tare da shi. Keken da aka rataye a zaure bai cika aikin da aka ƙera shi dominsa ba. Haka yake ga mutumin da ke zaman duniya nesa da Mahaliccinsa.

KAN KEKE

Kan keke shi ne ƙarfen da mahayi yake riƙewa da hannu biyu. Yana haɗe da ƙafar gaba. Inda ka juya shi, nan keken duka zai bi. In keke ya faɗi, wani lokaci kan yakan karkace. Mahayi yana riƙe da shi sosai, yana tsammani ya miƙe hanya, amma keken yana ja zuwa gefe.

Zuciyar mutum ita ce kan kekensa. Tun faɗuwar kakanmu Adamu ta karkace. Annabi Irmiya ya yi gargaɗi a kan yadda zuciya take ruɗin mai ita (Irmiya 17:9). Shi ya sa mutum yakan tashi da safe da niyyar kirki, kafin la'asar ya yi ƙarya a ciniki, ya zagi matarsa, ya yi ƙyashin maƙwabcinsa. Wa ya koya wa yaro ƙarami rowa da musu? Ba kowa. Da su aka haife shi.

BIRKI

In ka matse birki, ƙarfe ko waya takan ja roba biyu su kama bakin ƙafa, keken ya tsaya. Wanda ya taɓa gangara tudu da kaya a baya, birki kuwa ya ƙi, ya san darajarsa. Masu keke sun san kuma in ruwa ya jiƙa ƙafa, birki ba ya kamawa da wuri.

Allah ya ba mu birki. Ya ba mu dokokinsa ta hannun Annabi Musa, ya kuma sa lamiri a cikin kowane mutum, wannan murya da take cewa, "Kai, bari!" Abu ne mai kyau, mu gode wa Allah. Amma robar birki tana cinyewa. Ran da ka fara sata zuciyarka ta buga, ka kasa barci. A karo na goma ko gezau. Ban da haka, birki bai taɓa kai kowa gida ba. Aikinsa tsayarwa ne kaɗai. Manzo Bulus ya bayyana cewa aikin Shari'a shi ne ta nuna mana laifinmu, ba ta da ikon wanke shi (Romawa 3:20).

TAYA DA ƘAYA

A waje akwai taya mai kauri, a ciki akwai tub, wanda waɗansu suke kira shambur. Iskar da aka hura ta bawul ita take ɗauke da kai da kayanka. Ba ka ganinta, amma ran da ta fita ka sani.

Mene ne yake sace ta? Ba sai gatari ba. Tsidau guda ɗaya, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ya isa ya saukar da ƙato daga kan sirdi. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi yake tsone maka ido. Mutane da yawa suna cewa, "Ni ban kashe kowa ba, ban fasa rumbun kowa ba, 'yan laifuffukana ƙanana ne." Aboki, tub mai huda ɗaya da mai huda goma, duka a ƙasa suke kwana. Wasiƙar Yakubu 2:10 ta koya mana cewa wanda ya karya doka ɗaya, gaban Shari'a mai laifi ne ɗungum. Allah mai tsarki ne. Ba ya auna zunubi da mudun kasuwa.

Wani in tayarsa ta sace, sai ya yi ta famfo. Ya hura, ya yi tafiya kaɗan, ya sauka, ya sāke hurawa. Famfo ba ya toshe huda. Dubi yadda mai faci yake yi. Yakan fitar da tub, ya hura shi, ya tsoma cikin kwanon ruwa. Inda kumfa ya taso, nan hudar take. Sa'an nan ya kankare wurin, ya shafa gam, ya manna faci. In yana da hankali kuma, sai ya laluba cikin tayar da yatsa ya zare ƙayar, don kada ta sāke hudawa. Tuba ke nan. Sai an fito da abin da ke ɓoye a fili gaban Allah, an kira shi da sunansa, an kuma yarda a rabu da shi. Alkawarin da ke cikin 1 Yahaya 1:9 na wanda ya furta zunubinsa ne. Mai ɓoyewa ba shi da rabo a ciki.

FEDA DA KACA

Yanzu mun zo ga babbar magana. In ka taka feda, babban faranti mai haƙora yakan juya. Kaca tana ɗaukar ƙarfin nan ta kai shi ga ƙaramin faranti na ƙafar baya. A ce na gaba yana da haƙora 44, na baya 18. Kowane zagaye ɗaya na feda, ƙafar baya za ta juya kusan sau biyu da rabi. A babban keke wannan ya fi mita 5. Shi ya sa mai keke yake wuce mai tafiya a ƙasa.

Kaca tana da gaɓoɓi fiye da 100. Bari guda ɗaya ta tsinke, me zai faru? Fenti yana nan yana walƙiya. Sirdi sabo ne, tayoyi cike da iska, ƙararrawa tana kuka. Mahayi yana taka feda har zufa ta jiƙa masa riga. Feda tana juyawa da sauƙi ma fiye da dā. Amma keken bai gusa ko taki ɗaya ba.

Halin da kowane ɗan Adam yake ciki ke nan. Annabi Ishaya ya gaya wa mutanensa cewa laifofinsu ne suka shiga tsakaninsu da Allahnsu (Ishaya 59:2). Kaca ta tsinke. Mutum yana addu'a, yana azumi, yana ba da sadaka, wani yana zuwa majami'a kowace Lahadi da sunan Kirista. Ayyukan nan ba abin raini ba ne, kamar yadda feda ba abin yarwa ba ce. Amma tambayi zuciyarka: bayan shekarun nan duka kana takawa, ka tabbata an gafarta maka? In aka ce yau da dare za ka tsaya gaban Allah, ka san inda za ka? In amsarka ita ce, "Oho, ban sani ba," ashe lokaci ya yi da za ka sauka ka dubi kacarka.

Keke ba ya gyara kansa. Tilas a kai shi wurin mai gyara. Mu ma ba mu iya ƙulla abin da zunubi ya tsinka. Saboda haka Allah cikin ƙaunarsa ya aiko da Yesu Almasihu. Shi bai taɓa yin zunubi ba. Ya ɗauki hukuncin namu a kan gicciye, ya mutu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi da rai. Shi kaɗai ne matsakanci da ke haɗa mutum da Allah, yadda aka nuna cikin 1 Timoti 2:5.

KARIYA

A nan misalinmu ya kāsa, dole kuwa mu faɗi gaskiya. Keke da ƙarfinka yake tafiya. Ceto ba haka yake ba. Kada ka ce, "Yesu zai ƙulla kaca, ni kuwa in kai kaina sama da ƙafafuna." A'a.

Akwai wani wuri a bayan sirdi, wato kariya. A ƙauyuka da yawa, in mutum ya kwanta ciwo, babu mota, ɗan'uwansa yakan goya shi a kariya zuwa asibiti. Majiyyacin ba ya taka feda. Ba ya riƙe kan keke. Abu ɗaya ne nasa: ya yarda a ɗora shi, ya riƙe mai goyonsa kam. Zufar ta wani ce, isowar kuwa tasa ce. Amma in girman kai ya hana shi, ya ce, "Ni babba ne, ba a goya ni," sai ya mutu a kan tabarmarsa, keken yana jingine a ƙofar gida.

Bangaskiya ke nan. Romawa 5:6-8 ta nuna Almasihu bai jira mu warke ba. Muna cikin rashin ƙarfinmu da zunubinmu ya mutu dominmu. Afisawa 2:8-9 kuma ta ce ceto kyauta ce ta alherin Allah. Ba ladan aiki ba ne, don kada kowa ya yi fahariya.

GA KAI MAI BI

In ka riga ka ba da gaskiya, ga magana kaɗan dominka. Dubi wayoyin da ke cikin ƙafar keke. Yawancin kekuna suna da 32 ko 36, kowace siririya ce, yaro ma ya iya lanƙwasa ta. Amma da yake dukansu suna ɗaure a cibiya ɗaya, suna ɗaukar mutum da buhunsa. In biyu ko uku suka saki, ƙafa takan fara rawa, tana gugar birki. Ikkilisiya ke nan, Almasihu ne cibiyarta. Kada ka ce kai ƙarami ne, ba za a ji rashinka ba. Tsinke ɗaya ba ya shara.

Fitilar keke mai dinamo kuma ba ta haske sai ƙafa tana juyawa. In ka tsaya, ta mutu. Maganar Allah tana haskaka wa mai aikata ta. Ka karanta, ka bi, za ka ga ɗan abin da ke gabanka, ya kuwa ishe ka na daren nan. Ayyukan kirki suna da wurinsu yanzu. Kana yinsu don godiya ga wanda ya cece ka.

ME ZA KA YI YAU?

Mai keke mai hankali ba ya jira sai rana ta faɗi a tsakiyar daji kafin ya duba kayansa. Ba wanda ya san ranar da tafiyarsa za ta ƙare. Bayan mutuwa babu sauran gyara, sai shari'a (Ibraniyawa 9:27). Yesu yana kiran masu gajiya da masu nauyin kaya su zo gare shi su huta (Matiyu 11:28). In ka gaji da takawa a banza, kana iya yin addu'a kamar haka, a ɗakinka ko a gonarka:

"Ya Allah Mahaliccina, na yi maka zunubi, ba ni kuwa da ikon gyara kaina. Na gaskata Yesu Almasihu ya mutu domina, ya tashi. Ka gafarta mini sabili da shi. Ka ɗauke ni, ka kai ni gida. Amin."

In ka yi wannan da zuciya ɗaya, ka nemi fasto ko mai bishara ko wani mai bi a garinku, ka gaya masa. Ka nemi Littafi Mai Tsarki da Hausa, ka fara da Bisharar Yahaya. In ka gama karanta takardar nan, kada ka yar, ka miƙa wa abokinka.

Allah ya ba ka salamarsa.