Tsabar Da Ta Binne Masu Ita

A duniyar masu tara tsofaffin kuɗi akwai wata dalar azurfa ta Amurka mai ɗauke da shekarar 1804, wadda ake yi wa kirari da sarkin tsabobi. Shekarar da ke jikinta ma ba gaskiya ba ce: a 1834 aka buga ta, lokacin da gwamnatin Andrew Jackson ke neman tsarabar da za ta aika wa sarakunan Gabas. Wani jakada, Edmund Roberts, ya kai ɗaya ga Sarkin Maskat, Sayyid Sa'id bin Sultan, a 1835. Bai koma gida ba, ciwo ya kashe shi a Makawo a 1836. Shi kuma Sarkin, a cikin jirgin ruwa ajali ya cim masa a 1856, yana kan hanyar Zanzibar. Tsabar ta ɓace wa ido, sai ga ta a kasuwar gwanjo a Landan a 1917. Ta bi hannu hannu har 1999, inda iyalin Pogue na jihar Texas suka saye ta a kan dala miliyan 4.14. A 2016 suka fito da ita, aka taya, tayin bai yi musu ba, suka ce albarka, suka koma da abinsu gida. Shekara uku bayan haka Brent Pogue, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen tara irin waɗannan kuɗi, ya rasu yana da shekara 54. A 2021 aka sayar da ita dala miliyan 7.68, shi kuwa yana ƙasa.

Mutumin garin Surko zai ce ina ruwansa da wannan. Da ruwanmu, domin mu ma muna da tamu. Liyari, azurfar nan mai hoton mace da matan Fulani ke jerawa a wuya da kitso, wadda kakanninmu mata ke adanawa a ƙasan adaka, daga Ostiriya ta fito. Fatake ne suka ratso Sahara da ita. Matar da ke jiki sarauniya ce, Mariya Tereza, kuma shekarar 1780 da ake gani a kan kusan kowace ɗaya, shekarar mutuwarta ce. Tun daga ranar ba a sake lambar ba, ko da an buga tsabar shekara ɗari bayan haka, kuma har gobe ana buga ta a Biyana ta Ostiriya. Wato abin da amarya ke rataye da shi a ƙirji, tarihin rasuwar wata ce wadda ta mulki ƙasashe, ta haifi 'ya'ya 16.

To, ga mutum Allah ya hore masa bayan kaka, ya kai riɗinsa kasuwar Sara ya sayar da daraja, sai dillali ya kwance ƙulli ya nuna masa tsohuwar azurfa, ya ce wannan ajiya ce da ba ta faɗuwa. Ya saya ko ya bari? Ba zan ce masa haramun ba ne. Kuma ina ganin dalilinsa: wanda ya sha wuyar canjin kuɗin 1984, ya sake ganin layin banki a Birnin Kudu a farkon 2023, ba za a zarge shi ba don ya fi yarda da ƙarfe a kan takarda. Wuri ya yi zamaninsa ya wuce, alhali lokacin da Bature Barth ya shigo Kano a 1851 sai an ƙirga 2,500 kafin a karɓi dalar azurfa guda. Anini da sisi da sule sun bi shi, fam ya kauce wa naira a 1973. Azurfa ce kaɗai ta tsira da mutuncinta.

Sai dai a nan ne lissafin ke ruɗar mu. Mai saye yana duban daɗewar tsabar, ya riƙa ji kamar shi ma zai daɗe tare da ita. Dillali ya ce masa nan da shekara 20 kuɗinta zai ninka, ya gyaɗa kai, bai tambayi wa ya ba shi takardar shekara 20 ɗin ba. Masu tafsiri sun faɗa cewa Ashabul Kahfi ba su gane tsawon barcinsu ba sai da ɗayansu ya miƙa wa mai abinci kuɗin azurfa, mutanen gari suka ga na wani sarki ne da ƙasa ta daɗe da cinyewa. Shekara 309 sun shuɗe, kuɗin na nan garau. Waɗanda suka zana shanu a jikin Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa na Birnin Kudu su ma hannu ne da su kamar namu, yau ko sunan mutum ɗaya a cikinsu babu mai iya kamawa. Allah ya sa mu cika da imani.

Idan har zuciya ta nace, akwai abubuwan da ke gaba da ciniki. Bashin da ke wuya a fara sauke shi, don mai bin ka taki ko kuɗin ƙodago ya fi aljihun adaka haƙƙi. Sannan a san cewa azurfa ba ta kwana kyauta: nisabinta dirhami 200 ne, kusan giram 595, liyari ɗaya kuwa na ɗauke da zallar azurfa kamar giram 23. Wanda ya tara 26 don ajiya, shekara ta zagayo, ɗaya bisa arba'in na talakawa ne, kuma gargaɗin Suratut Tauba a kan masu taskance zinariya da azurfa ba na wasa ba ne. Kafin a saya kuma, a kai wa maƙerin fari ya gwada ta, domin jabu ta yi yawa, lambar 1780 kuma ba shaidar tsufa ba ce.

Daga nan a rubuta a takarda nawa aka saya, ina aka ajiye, a sanar da uwargida da babban ɗa. Gidaje nawa ne maigida ya tafi da sirrin ajiyarsa, aka bar marayu suna tonon ɗaki? Inda aka dace aka samu ma, ranar rabon gado ba mai tambayar irin son da marigayi ya yi mata. Magada bakwai ba sa raba tsaba guda, sayarwa za a yi, kuma maƙerin da za a kai wa sikeli zai ɗauko, ya biya kuɗin nauyi.