Gonar Mai Gona, Hanyar Kowa

Ɗan'uwa, tun da ka zo Greensboro, sau nawa ƙafarka ta taka ƙasa? Ban ce siminti ba, ban ce dandamalin wurin aiki ba, ƙasa nake nufi, mai laka da ciyawa. Da yawanmu daga gida sai mota, daga mota sai aiki, daga aiki sai masallaci ko kantin sayayya. Alhali kuwa tafiyar minti 20 a mota daga tsakiyar gari ta isa ka ga karkara: tudu da gangare suna bin juna, gonakin masara da waken soya, dawaki cikin shinge, tsofaffin rumbunan busar da taba. Yankin nan da suke kira Piedmont, wato gindin duwatsu, Allah ya yi masa kyau. Sai dai kallo kawai za ka yi, don ba ka da ikon ratsawa.

A gida ba haka muka taso ba. Wanda ya tashi daga ƙauyensu zai ci kasuwar Jibiya ko ta Ɗan Isa, ta cikin gonakin mutane yake bi. Ga 'yar siririyar hanya tsakanin gero da dawa, ƙafafun kakanni ne suka fitar da ita. Ka iske mai gona duƙe, ka ce sannu da aiki, ya ce yauwa, sannu kadai, wataƙila ma ya nuna maka inda tulun ruwa yake. Gonar tasa ce, babu mai musu. Amma bai taɓa tunanin hanyar ma tasa ce ba. Haka dabbobi ke da tasu, burtali, wanda ake barin sa a buɗe komai ƙuncin ƙasa.

A nan kuwa, abin da zai tare ka allo ne a jikin bishiya mai cewa an hana shiga. Wani lokacin ko rubutu babu, sai fenti shunayya da aka shafa wa itace, wanda tun 2011 dokar jihar nan ta karɓa a matsayin gargaɗi ga mafarauta da masunta. Kada ka ce ai wucewa kawai zan yi. Ƙasa ce da mutane ke ajiye bindiga a gida, kuma fatarmu ba ta taimaka mana a wasu wurare. Ahmaud Arbery gudun motsa jiki yake yi a kan titin gwamnati a Jojiya, a Fabrairun 2020, aka bi shi aka harbe.

To, tambayar ita ce: in mutum ya sayi ƙasa da kuɗinsa, ya sayi har da ikon hana ɗan Adam wucewa? Mai gona yana da hujjarsa, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Shi ke biyan haraji. Shi ke asara in an bar ƙyaure a buɗe shanu sun fita. Kuma baƙon da ya ratso bai san shi ba, bai san ubansa ba. A ƙauyenmu abin da ke tsare gona sanayya ce: in ka karya zangarniya, kafin magariba labari ya isa gidanku. Inda babu sanayya, shinge ke maye gurbinta.

Duk da haka ba kowace ƙasar Turawa ta ba da amsa irin ta Amurka ba. A Ingila, a Afrilun 1932, ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu daga Mancesta, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka keɓe don farautar tsuntsaye. An ɗaure wasu daga cikinsu. Amma dokar 1949 ta sa aka zana hanyoyin ƙafa a taswirar hukuma, ta 2000 kuma ta buɗe wasu tuddai da dazuzzuka ga kowa. Yau a can mutum zai sauka daga jirgin ƙasa a ƙaramar tasha, ya ratsa gonar wani bisa haƙƙi. Abin da al'ada ta ba mu kyauta, su sai da suka sha ɗauri kafin su same shi.

Greensboro ta bi wata hanyar: abin da za a bai wa jama'a, sai a saye shi da kuɗin jama'a. Shi ya sa muke da hanyoyin ƙafa sama da mil 40 kewaye da tabkunan da garin ke shan ruwansu, Brandt da Townsend da Higgins. Akwai kuma Atlantic & Yadkin Greenway, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu ƙafa da keke. Tana bi ta filin yaƙin Guilford Courthouse, inda aka gwabza ranar 15 ga Maris 1781, ta wuce ta Bur-Mil, ta ƙetare tabkin Brandt, ta nufi Summerfield. Wanda ba shi da mota ma bai rasa ba: daga tashar Galyon da ke tsakiyar gari, bas ɗin da ke bin Battleground Avenue zai kai shi kusa, sauran kuma aikin ƙafa ne. Wannan bas ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Daji da aka ce na kowa ne amma sai mai mota ke isa gare shi, ai na masu mota ne. Sabon zuwa, da tsohuwar da aka kawo renon jikoki take wuni tana kallon taga, su ne ma'aunin ko da gaske na kowa ne.

Yanzu bari mu juyo kanmu, don nan ne maganar ke da ɗaci. Dalar da muke turawa gida, me take yi? Fili muke saya a bayan gari, a Maradi, a Katsina, a Kano. Abu na farko da muke sa ƙane ya yi shi ne ya zagaye shi da katanga. Mun taɓa tambaya ko akwai hanyar da ta ratsa filin? Ko ta nan mata ke bi zuwa rijiya, yara zuwa makaranta? Sai ka ga mutumin da ke ƙorafin Bature ya hana shi ratsa gona, shi kuma ya sa tsohuwa zagayen rabin kilomita da tulu a ka, ga filin ba a ko aza bulo ɗaya a ciki ba shekara 10.

Kuma mun san inda toshe hanya ke kaiwa. Gonaki sun cinye burtali da yawa, kuma rikicin manomi da makiyayi ya ci rayuka: a Toda, cikin jihar Maradi, sama da mutum 100 aka kashe a 1991. Addininmu ya ɗauki kawar da ƙaya daga hanya a matsayin sadaka. To, wanda ya kawar da hanyar gaba ɗayanta fa?

Ni dai ganina, takardar fili tana ba ka amfanin ƙasa, ba ta goge sawun waɗanda suka riga ka bi. Mai wucewa kuma yana da nasa nauyin: kada ya bar shara, kada ya tsinki abin da bai shuka ba, kada ya ƙetare iyakar da aka nuna masa, ko da yana ganin iyakar ba ta yi adalci ba.

Saboda haka ranar hutunka mai zuwa, ɗauki yara ku hau bas ku je bakin tabki. Ka koya musu gaida wanda suka haɗu da shi a hanya, ka ba su labarin burtali. In kun dawo kuma, ka kira wanda ke kula da filinka a gida. Kafin a ɗora katanga, ka ce ya je da sassafe ya tsaya, ya ga su wa ke bi ta wurin.