Gangar da Ba Ta Faɗin Abin da Ta Ɗauka

Duk wanda ya ratsa Bromakoté a Adjamé, ko ya bi titunan Treichville bayan magariba, ya san ƙamshin naman da mutanen Abidjan ke kira shukuya. Da yawa daga masu gasa shi 'yan'uwanmu ne Hausawa, kuma kayan aikinsu kusan iri ɗaya ne: tsohuwar gangar ƙarfe mai lita 200, an tsaga ta biyu, an ɗora raga a kai. Mata masu bandar kifi a Abobo-Doumé ma sun daɗe suna kyafa kifi a irin wannan ganga. Tambayar da ke damuna ita ce: idan ganga ta cutar da mai saye, alhakin yana wuyan wa?

Ba na raina wannan dabara. Wanda ya mayar da abin da aka yar ya zama hanyar ciyar da iyali ya cancanci yabo, ya kuma fi mai zaman jiran tallafi. Sai dai ganga tana da tarihi. Wata man gyaɗa ta ɗauko, wata baƙin mai, wata maganin ƙwari. Fentin jikinta kan iya ƙunsar dalma, wuta kuwa tana tayar da shi. Ragar da aka ciro daga tsohon firji wani lokaci an shafe ta da ƙarfe mai guba. Gangar maganin ƙwari kuwa, masana sun haɗu a kan cewa ko an wanke ta ba ta dace da abinci ba. Mai walda ma yana cikin haɗari, domin gangar fetur da ake zaton babu komai a ciki takan fashe idan tartsatsi ya taɓa tururin da ya rage.

Hayaƙin kansa yana da nasa sharrin. Idan kitse ya ɗiga a garwashi, ko aka hura wuta da leda, ana samun sinadarai masu haddasa ciwon daji, su manne wa naman. Saboda haka tun 2014 Tarayyar Turai ta ƙayyade ɗaya daga cikinsu, benzopiren, a kan mikrogiram 2 cikin kowane kilo na kyafaffen kifi. Saboda haka ne kuma hukumar FAO ta kawo murhun FTT da aka ƙirƙira a Senegal, wanda ke da faranti mai tare kitse kafin ya kai ga wuta.

Mai gashi zai ce bai sani ba, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Amma rashin sani iri biyu ne. Akwai wanda ya fi ƙarfin mutum: ba za a ce mahauci ya auna mikrogiram ba. Akwai kuma wanda tambaya ɗaya ke kawar da shi: me aka zuba a gangar nan? Wanda ya ƙi tambaya don kada amsar ta hana shi araha, ya zaɓi rashin saninsa da kansa, kuma a ganina uzurinsa ya faɗi.

Mafi nauyin alhaki na ga yana kan dillalin ganga da ya karanta tambarin guba, ya kankare shi, ya sayar. Wannan algus ne, ko da bai taɓa naman ba. Mutanen Abidjan sun san wannan darasi tun watan Agusta na 2006, lokacin da aka zubar da dattin jirgin Probo Koala a unguwanni: waɗanda suka san abin da ke ciki ba su ne suka shaƙa ba.

Mu masu saye ma muna da kaso. Muna tsayawa mu yi ciniki a kan sefa 100, amma ba ma tambayar ina aka samo ganga. Da za mu riƙa fifita wanda ya nemi gangar man girki, ya ƙone fentin kafin ya fara aiki, ya daina hura wuta da leda, da tsafta ta zama riba gare shi.

Mai saye yana ganin launin nama, yana jin ƙamshi, amma ba ya ganin jiyan ganga. A wannan wurin da idonsa bai kai ba ne ya ba mai gashi amana, kuma a nan ne za a tambayi kowa gwargwadon abin da ya sani da abin da ya ƙi tambaya.