Gaskiya Daga Bakin Wanda Ba Naka Ba

Jama'a, ga wata tambaya da ya kamata kowane mai karatu ya auna: idan wanda ba mu yarda da aƙidarsa ba ya tsaya kan gaskiya, sai mu yaba masa, ko kuwa mu ƙi gaskiyar don ta fito daga bakinsa?

Mu ɗauki misalin Moses Kotane, baƙar fata na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1905. Yaro ne ɗan talakawa, ya yi aikin ƙwadago, ya ƙaro ilminsa a makarantar dare, kamar yadda ku kuka yi a ajin yaƙi da jahilci. A 1939 ya zama babban magatakardan jam'iyyar Kwaminis ta ƙasarsu, ya riƙe aikin har mutuwarsa a Mosko a 1978. Turawan ƙasar sun ware wa baƙaƙe unguwa dabam, makaranta dabam. Da ya ƙi wannan, suka haramta jam'iyyarsa a 1950, suka gurfanar da shi gaban shari'a a 1956 bisa zargin cin amanar ƙasa.

To, aƙidar Kwaminis ba ta san addini ba, kuma a Rasha an rufe masallatai masu yawa da sunanta. Musulmi ba ya bin wannan hanya. Amma ware mutum don launin jikinsa zalunci ne, ko wa ya faɗa. Mu ma nan mun ɗanɗana, gama a zamanin Turawa an raba unguwarsu da ta 'yan ƙasa.

Dubi kuma Malam Aminu Kano. Shi ba Kwaminis ba ne, malami ne mai tafsiri. A 1950 ya bar koyarwa a Maru, cikin Lardin Sakkwato, ya shiga NEPU don kare talaka. Aƙidarsa da ta Kotane sun sha bamban, amma dukansu sun ƙi a wulakanta ɗan Adam.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana hira a Lambara ko Boɗinga aka ce kada ka saurari wane don shi kaza ne, ka tambaya tukuna, abin da ya faɗa gaskiya ne? In gaskiya ne ka karɓa, ka bar masa aƙidarsa, hisabinta na wurin Allah. Manomi ba ya zubar da gero don akwai ƙaiƙayi a ciki, sheƙewa yake yi. Daga ƙin gaskiya kuwa sai ɓata.