Farar Kyanwa da Buhunan Bala

Ɓeraye ne suka kai Bala gidan Goggo Hauwa a Fagge. Ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuma a shagon zauren gidansa yake ajiye rarar masara da wake. Cikin wata guda sun huda masa buhu 6, har sun fara shiga kicin da rana tsaka. Da ya ji kyanwar Goggo ta haihu, sai ya ɗauki 'yarsa Zainab a babur suka tafi.

'Ya'yan huɗu ne, kwance cikin tsohuwar daro a bayan randa. Zainab ba ta ko kalli ukun ba. Hannunta ya tafi kan fara ƙal mai shuɗin ido.

"Baba, wannan nake so!"

Goggo ta yi dariya. "Kishiyata, kyau kika zo nema ko maganin ɓera?" Sai ta lallaɓa ta bayan 'yan kyanwar ta tafa hannu da ƙarfi. Uku suka zabura. Farar ko kunne ba ta motsa ba.

"Ka gani, Bala? Kurma ce. Farar mage mai irin wannan ido, da yawansu haka ake haifarsu. Ba aibu ba ne, halittar Allah ce, amma gidanka a bakin titi yake, ƙofa a buɗe wuni guda, 'yan adaidaita sahu suna ta kai da kawowa. Wadda ba ta jin hon, ina ita ina wannan gida? Kuma ɓera da kunne ake fara kama shi."

Ta nuna wata mai toka-toka da zane a gadon baya, wadda ke ta dirar wa jelar uwarta. "Ga taka nan. Amma ba yau ba. Satinsu 5 kacal, nono bai sake su ba. Ka bari su cika sati 8, in son samu ne ma 12. A wannan tsakanin ne uwar ke kawo musu ɓera mai sauran rai su koyi kamu, a nan suke koyon binne kashinsu, su kuma san iyakar cizo in ana wasa."

Bala ya ji maganar, ya kuma san gaskiya ce. Sai dai Zainab ta riga ta fara hawaye, shi kuwa mutum ne da ba ya iya kallon kukan 'yarsa. Ya ce, "Goggo, mage ai mage ce. Ki ba mu farar kawai."

"To, Allah ya sa albarka," in ji Goggo. Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan shirun ya fi faɗa nauyi.

Daren farko ba wanda ya runtsa a gidan Bala saboda kukan kyanwar. Uwar Zainab ta ba ta madarar shanu don tausayi, washegari zawo ya kama ta, domin cikin mage bai cika karɓar wannan madara ba, duk da yadda mutane suka ɗauka. Idonta ya yi kwantsa, ta rame. Ɓeraye kuwa suka ci gaba da sha'aninsu, har uwar gida ta fara kiranta kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. A rana ta tara ta bi Zainab waje, wani mai adaidaita ya yi ta danna hon, tana zaune tsakiyar hanya tana lasar ƙafa. Da ƙyar birki ya kama.

Zainab ce da kanta ta naɗe ta a ɗankwali ta ce a mayar da ita wurin uwarta.

Goggo ba ta yi gori ba. Ta sa ta cikin daro, uwar ta shinshina ta, ta hura hanci kamar ba ta san ta ba, can dai ta hau lasarta. Sannan Goggo ta tambayi Bala abin da ya kamata ya tambayi kansa tun farko: akwai 'yan tsaki a gidan? Akwai. To a gyara akurki, a riƙa rufewa. Wa zai riƙa ba mai tokar abinci da ruwa, tunda ɓera kaɗai ba ya riƙe mage? Zainab ta ɗaga hannu. Ya san mace ce, tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, ta haihu bayan sati 9? Bala ya sosa ƙeya, ya ce zai yi magana da likitan dabbobi in ya kai ta allurar rigakafin ciwon haukan kare da maganin tsutsar ciki.

Bayan sati 5 suka dawo suka ɗauki mai tokar. Zainab ta yi kwana biyu tana cewa mummuna ce, a na uku aka same su suna barci a tabarma ɗaya.

Farar kuwa wata maƙwabciyar Goggo ce ta karɓe ta, tsohuwar malamar makaranta da ke zaune ita kaɗai a saman bene, ba titi, ba hatsi, abokiyar hira kawai take nema. In za ta kira ta, sai ta bubbuga ƙasa da ƙafa, kyanwar ta ji girgizar ta taho a guje.

A kakar bana Bala ya shigo da buhu 20. Har aka sayar da na ƙarshe, bai nemi basilla ba.